Bakandamiya da Neman Gyara: Yadda Mai Fasahar Hausa Yake Tunkarar Suka da Shakkar Kai

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi hanyoyin da masu fasahar Hausa suke bi wajen tunkarar suka da kuma shakkar da sukan yi wa kansu. An ɗauki Alhaji Mamman Shata Katsina, wanda kabarinsa yake a Daura, a matsayin babban misali, sannan aka kwatanta shi da marubuta waƙoƙi da marubuta ƙagaggun labarai, tun daga gasar 1933 har zuwa muhawarar Adabin Kasuwar Kano. Maƙalar ta nuna cewa al'adar Hausa ta tanadar wa mai fasaha kafofi biyu, wato kirarin kai, wanda ƙololuwarsa ita ce bakandamiya, da kuma neman gyara irin na malamai marubuta. Kowace kafa tana da irin sukar da take yi wa magani. Matsala takan taso ne idan aka amsa sukar aiki da kirari, ko kuma aka karɓi sukar asali a matsayin gyara.

1.0 Gabatarwa

Nazarin adabin Hausa ya daɗe yana mai da hankali a kan abin da mai fasaha ya samar: jigo da salo da zubi da tsari. Hanyoyin nazarin da Abdulƙadir Ɗangambo ya shimfiɗa wa rubutacciyar waƙa, da waɗanda Sa'idu Muhammad Gusau ya shimfiɗa wa waƙar baka, sun yi wa ɗalibai jagora shekara da shekaru a wannan fage. Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne halin da mai fasahar yake shiga idan an kushe aikinsa, ko idan shi da kansa ya fara tantama a kan cancantarsa. Wani zai ce wannan aikin masana halayyar ɗan'adam ne. Sai dai alamun al'amarin suna nan kwance a cikin matanin adabin kansa: a kirarin da makaɗi yake yi wa kansa, da habaicin da yake jefa wa abokan hamayya, da baitocin rufewa na rubutattun waƙoƙi, da shafukan godiya da gabatarwa na littattafan hikaya. Duk wanda ya karanta waɗannan wurare da natsuwa zai tarar da mai fasaha yana magana da masu sukarsa, wani lokaci tun kafin su buɗe baki.

A wannan maƙala, ana nufin suka da duk wani hukunci na kushe da ya fito daga wajen mai fasaha. Shakkar kai kuwa ita ce hukuncin da ya fito daga cikinsa, wanda yakan sa shi jinkirta fitar da aiki, ko ya ajiye shi gaba ɗaya. Su biyun ba sa rabuwa, domin sau da yawa shakkar kai sukar jiya ce da ta sami wurin zama a zuciya.

2.0 Abin da Ake Suka

Ba kowace suka ce take nufin aikin ba. A ƙasar Hausa, tsohuwar sukar da makaɗi ya fi fuskanta ita ce ta matsayi. M. G. Smith, wanda ya yi nazarin roƙo a 1957 da tsarin matsayi a tsakanin Hausawa a 1959, kafin ya fitar da littafinsa a kan sarautar Daura a 1978, ya nuna cewa al'umma ta ajiye makaɗa da maroƙa a sahun ƙasa na sana'o'i, duk da buƙatar da masu mulki da attajirai suke da ita gare su. Mutum zai ba makaɗi doki da riga, amma ya yi nauyin ba shi 'yarsa. Wannan suka ba ruwanta da daɗin murya ko ƙwarewar sarrafa harshe. Tana cewa ne mai wannan sana'a, kome gwanintarsa, ba shi da cikakkiyar daraja.

Kusa da ita akwai sukar ɗabi'a, wadda ta fi fitowa daga malamai da iyaye. Muhawara a kan halaccin kiɗa ta girmi zamanin Turawa, domin malaman jihadi sun yi rubutu a kanta, kamar yadda Veit Erlmann ya bibiya a nazarinsa na 1986. Sai kuma sukar aiki, wadda ita kaɗai ce take sa yatsa a kan wani abu da za a iya gyarawa: karin da ya karye, amsa-amon da ya kauce, labarin da ya yi sako-sako, ƙa'idar rubutun da aka taka.

Wahalar ita ce, masu suka ba sa rarrabe waɗannan idan sun tashi magana. Sukan cakuɗa su a jimla ɗaya, ya rage wa mai fasaha ya tsince tsakuwa daga hatsi.

3.0 Shata: Daga Musawa Zuwa Daura

An haifi Mamman Shata a Musawa a 1923. Gidansu ba gidan kiɗa ba ne, kuma mahaifinsa bai so ya shiga waƙa ba, saboda kallon da ake yi mata na roƙo. Ke nan sukar farko da ya gamu da ita ta matsayi ce, kuma daga cikin gida ta fito, inda suka ta fi ciwo. Daɗin daɗawa, shi ɗan haye ne a sana'ar da ake tinƙaho da gado. Wanda ya gaji kiɗa yana da uba ko kawu da zai nuna masa hanya, yana da gidan da zai fake a bayansa idan an taɓa shi. Ɗan haye ba shi da wannan, don haka yana tsakanin dangin da suke ganin ya zubar da girma da 'yan gadon da suke ganin ya shigo gonar da ba tasa ba.

Tarihin rayuwarsa da Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka wallafa a 2006, mai suna Shata Ikon Allah, da kundin digiri na uku na Ɗandatti Abdulƙadir a Jami'ar Indiyana ta Amurka a 1975, sun nuna yadda ya tashi daga waƙar dandali zuwa zama makaɗin da ake ji a duk inda ake jin Hausa. Ya zauna a Bakori, ya yi suna a Kano, ya kafa gida a Funtuwa. Abin lura a nan shi ne yadda aka rufe bakin sukar matsayi a kansa. Hujja ba ta yi wannan aiki ba. Cibiyoyin da al'umma take girmamawa ne suka karɓe shi ɗaya bayan ɗaya: fada ta jawo shi, gidajen rediyo suka yaɗa shi, gwamnatin tarayya ta ba shi lambar girmamawa ta MON, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa a 1988. Da ya rasu ranar 18 ga Yuni, 1999, Daura aka kai shi aka binne, garin ubangidansa Sarkin Daura Alhaji Muhammadu Bashar, wanda ya yi sarauta daga 1966 zuwa 2007, wanda kuma Shata ya yi wa waƙoƙin da suke cikin fitattun ayyukansa. Yaron da aka ji wa tsoron zubar da mutuncin gida, a ƙarshe sarki mai sanda ne ya karɓi gawarsa.

Dangantakar makaɗi da ubangida tana da wani amfani da ba a cika ambata ba idan ana lissafa kyaututtuka. Ubangida mai sauraro ne tabbatacce. Makaɗin da ya san akwai fadar da za a buɗe masa ƙofa ko da duniya ta juya masa baya, ba zai ɗauki kowace kushe a matsayin ƙarshen sana'arsa ba. Daura ta zame wa Shata irin wannan mafaka.

3.1 Bakandamiya a Matsayin Garkuwa

Kafin duk waɗannan karramawa su zo, da abin da Shata ya riƙa kare kansa, wato bakinsa. Bakandamiyarsa waƙa ce ta kirarin kai, wadda ya riƙa rerawa yana sabuntawa tsawon shekaru, yana faɗin fifikonsa a kan sauran mawaƙa da nisan inda waƙa ta kai shi. Ba shi ya fara wannan ba. Ibrahim Narambaɗa yana da tasa Bakandamiyar, kuma kirarin kai ya ratsa waƙoƙin makaɗan fada da na maza, kamar yadda ya ratsa bakin mafarauta da 'yan dambe da 'yan tauri.

A nan akwai abin mamaki ga mai nazarin al'ada. Bahaushe yana ƙyamar yabon kai, har yana kiransa jahilci. Kunya da kawaici suna cikin siffofin mutumin kirki da Anthony Kirk-Greene ya tattauna a 1974. To, yaya aka yi makaɗi yake tsayawa a bainar jama'a yana cewa babu kamarsa, a kuma yi masa kari? Amsar tana cikin matsayin nan da aka ƙasƙantar. Da al'umma ta ajiye makaɗi a wajen da'irar masu kunya, sai ta sauke masa nauyin kunyar. Abin da aka rage masa na daraja, shi aka mayar masa na 'yancin baki. Shata ya fahimci wannan ciniki, ya kuma ci ribarsa fiye da kowa a zamaninsa.

Ba daidai ba ne a ɗauki bakandamiya a matsayin shaidar abin da yake cikin zuciyar mai ita, domin salo ne da aka gada, kuma kowane babban makaɗi ana sa ran ya yi ta. Duk da haka, samuwar salon kanta tana nuna wani abu game da sana'ar. Ba a gina ganuwa inda ba a tsoron hari. Mutumin da yake fita gaban ɗaruruwan mutane ba tare da takarda a hannu ba, wanda kuma aka san shi da ƙirƙirar waƙa nan take, yana buƙatar abin da zai tsayar masa da zuciya kafin ya tsayar da ta masu sauraro. Ɗan dambe ba don abokin karawa kaɗai yake kirari ba, har da don ƙafafunsa. Haka bakandamiya take aiki ta fuska biyu: tana gargaɗin na waje, tana ƙarfafa na ciki.

Idan kirari bai wadatar ba, sai zambo. Gagarabadau ta isa misali a kan abin da harshen Shata yake iya yi wa wanda ya shiga gonarsa. Ita ma waƙar A Sha Ruwa, wadda ta jawo masa sukar ɗabi'a, ta nuna mutum ne da ba ya ja da baya don an yi tir. Amma a nan ne garkuwar take da illa. Zambo ba ya tantance mahassadi da mai gyara, duka yakan rufe musu baki. Wanda ya ga abin da ya sami wani, ba zai yi gigin cewa waƙa kaza ta yi rauni ba. Wataƙila wannan tsoro, wanda daga baya ya rikiɗe ya zama girmamawa, yana cikin dalilan da suka sa mafi yawan abin da aka rubuta a kan Shata ya karkata ga yabo. Mutumin da ya yi waƙoƙi masu yawan da har yau ba a gama ƙididdige su ba, dole a sami masu ƙarfi da masu rauni a cikinsu, kuma girmansa ba zai ragu ba don an faɗi haka.

To, idan bakin masu gyara a rufe yake, daga ina makaɗi yake samun sukar aiki? Daga fage yake samunta, kuma nan take. Waƙar da ba ta shiga ba, jama'a ba sa motsi, kari ba ya zuwa, ba a sake neman ta. Makaɗan fada irin su Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo da Sarkin Taushin Katsina suna da ƙarin mataki, domin tsarin waƙarsu ya dogara da 'yan amshi masu karɓi da ƙari, waɗanda dole a daidaita da su kafin a je gaban sarki. Mafi muhimmanci kuma, waƙar baka ba ta da matani na ƙarshe. Ɗan waƙar da bai zauna ba yau, gobe a sauya shi, babu wanda zai zo da shafi ya ce ga kuskuren jiya. Wannan sassauci yana rage wa makaɗi nauyin shakka ƙwarai, kuma shi ne abin da marubuci ya rasa.

4.0 Neman Gyara

Malami marubucin waƙa yana ɗaya gefen. Shi yana tsakiyar da'irar masu kunya, kuma tawali'u sharaɗi ne na malanta. Saboda haka ya bi wata hanya dabam: yakan riga mai suka. Sanannen abu ne a rubutattun waƙoƙin ƙarni na 19 da na 20 marubuci ya rufe da ambaton ƙarancin iliminsa, ya nemi gafarar Ubangiji, ya roƙi masana su gyara inda ya kauce. Da wannan ya kwance wa mai suka makami, ya mayar da shi abokin aiki.

Wannan roƙo yana da ma'ana ne domin akwai ma'aunin da kowa ya yarda da shi. Karin waƙa da amsa-amo, waɗanda M. K. M. Galadanci ya nuna alaƙarsu da arulin Larabci a 1975, abubuwa ne da ake iya aunawa. Idan ƙafa ta karye, ana iya nuna wurin, kuma nunawar ba zagi ba ce. Haka nan al'adar tahamisi, inda wani zai ɗora a kan baitocin wani, ta saba wa marubuta da ganin hannun wasu a cikin aikinsu. A ƙarni na 20, ƙungiyoyi irin su Hikima ta Mudi Sipikin a Kano, wadda Graham Furniss ya yi kundinsa a kanta a 1977, da Hausa Fasaha ta Aƙilu Aliyu, sun ba marubuta zauren da za su ji waƙoƙin juna. Marubucin da ya saba karanta aikinsa a gaban takwarorinsa, kafin ya kai ga jama'a ya riga ya sha rabin zafin suka.

Sai dai neman gyara ma yakan zama fanko. Da yawa sukan rubuta shi don an saba, ranar da aka kawo gyaran kuma a ga fuska ta sauya.

A fagen zube, misalin da ya fi fitowa fili shi ne na Abubakar Imam da Rupert East. Lokacin gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933, Imam malami ne a Makarantar Midil ta Katsina, yana ɗan shekara 22. Ruwan Bagaja ya fito tare da Ganɗoki na yayansa Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da East. Rubuce-rubucen sun bi ta hannun East kafin a buga su, kuma a maƙalarsa ta 1936 ya bayyana irin wahalar da aka sha kafin malamai su yarda cewa ƙirƙirar labari aiki ne da ya dace da mai ilimi. Wannan ma shakkar kai ce, ta mutanen da suka taso suna ganin tatsuniya ta mata da yara ce, alƙalami kuwa na ilimin addini ne. Imam ya ƙetare wannan shakka, ya karɓi gyara, aka kira shi Zariya a 1936 ya zauna ya rubuta Magana Jari Ce, sannan ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a 1939. Ana iya tuhumar East da ɗora wa adabin Hausa ɗanɗanon Turawan mulkin mallaka, kuma tuhumar tana da tushe. Abin da ba a musu a kansa shi ne, Imam ya sami sukar aikinsa a ɗaki, daga mutum ɗaya, kafin a buga.

5.0 Marubutan da Suka Tashi Babu Edita

Waɗanda suka fara rubutu daga tsakiyar shekarun 1980 ba su sami wannan gata ba. Kamfanin NNPC na Zariya, wanda ya fitar da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina a 1980, ya ja baya daga buga sababbin ƙagaggun labarai yayin da tattalin arzikin Nijeriya ya taɓarɓare. Matasa suka ɗauki rubutunsu da kansu suka kai maɗaba'a, daga can zuwa kasuwa. Budurwar Zuciya na Balaraba Ramat Yakubu, da In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, da Allura Cikin Ruwa na Bilkisu Ahmed Funtuwa, duk ta wannan hanya suka iso hannun masu karatu. Waɗannan marubuta ba su da fagen makaɗi da za su gyara gobe, ba su da zauren malamai, ba su da East. Sukar aikinsu ta same su ne bayan an buga, a shafin jarida, a gaban kowa.

Ibrahim Malumfashi ne ya fi kowa ɗaga murya, tun daga farkon shekarun 1990 a jaridar Nasiha, kuma shi ya yaɗa laƙabin Adabin Kasuwar Kano, bisa kwatanci da adabin kasuwar Onica. Muhawarar ta ci gaba a shafukan New Nigerian, inda Ibrahim Sheme da Yusuf Adamu da Abdalla Uba Adamu da wasu suka sa baki. Idan aka koma ga abin da aka riƙa faɗa a wancan zamani, za a ga nau'o'in sukan nan uku a cakuɗe. Akwai sukar aiki ta gaskiya: karya ƙa'idojin rubutu, rashin tace labari, maimaita jigo ɗaya, ɗauko zubin finafinan Indiya. Akwai sukar ɗabi'a daga iyaye da malamai, cewa littattafan suna ɓata tarbiyyar 'yan mata. Akwai kuma sukar matsayi, wadda kalmar kasuwa ta ɗauko ko da mai ita bai nufa ba, wato waɗannan 'yan tireda ne, ba su kai a kira su marubuta ba.

Marubutan sun ji ta ukun fiye da sauran, kuma ita suka fi mayar wa martani. Sunan ƙungiyar da Gidan Dabino da Ɗan'azumi Baba da Balaraba suka yi fice a cikinta, Raina Kama, shi kansa bakandamiya ce a dunƙule, domin duk Bahaushe ya san ragowar karin maganar. Sun kafa hujja da yawan masu karatu, kamar yadda makaɗi yake kafa hujja da cikar fage. A wannan ɓangare sun yi nasara. Abdalla Uba Adamu ya tunatar da cewa Imam ma ya ɗebo daga littattafan Larabawa da na Turawa ba a kore shi daga adabi ba, kuma Malumfashi da kansa ya bi diddigin waɗannan tushe a littafinsa Adabin Abubakar Imam. Littattafan da aka ce ba za su yi ƙarko ba sun zama abin rubuta kundaye a Kano da Zariya da Sakkwato. An fassara Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba zuwa Ingilishi, aka buga a Indiya a 2012. Gidan Dabino ya karɓi lambar MON a 2014, irin wadda aka ba Shata.

Amma sukar aikin fa? Mafi yawanta tana nan ba a amsa ba. Raba kalmomi da haɗe su ba bisa ƙa'ida ba, da watsi da baƙaƙe masu ƙugiya, da labarin da ake ja don ya cika littafi na uku, ba su gushe ba, sun ma bi rubutun zuwa wayoyin hannu. Da yake gyaran ya zo a kwano ɗaya da raini, sai aka ture kwanon gaba ɗaya. Laifin na ɓangare biyu ne. Masu suka sun manta cewa gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba sai idan mai faɗa ya sa muryar rabawa, marubuta kuma sun sami uzurin da ya hutar da su daga komawa kan rubutunsu.

Abin da ya faru a Kano a 2007, lokacin da gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta ƙona littattafan hikaya a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, da taƙaddamar da ta biyo baya tsakanin marubuta da Hukumar Tace Finafinai a kan rajista, wani babi ne dabam. Wuta ba ta nuna shafin da za a gyara. Irin wannan ba a tunkararsa da kirari ko tawali'u, sai da ƙungiya, kuma ta nan marubutan suka bi.

6.0 Ma'auni a Bakin Iyaka

Akwai wata shakkar da ta keɓanta da marubucin da ya taso nesa da Kano, kuma ƙasar Daura wuri ne mai kyau na ganinta. Daga birnin Daura hanya ta miƙe arewa ta Mai'aduwa zuwa Kongolam, inda iyakar Nijeriya da Nijar take, daga nan ta wuce Matamaye zuwa Damagaram. Mutanen ɓangarorin biyu harshensu ɗaya, kasuwanninsu a haɗe, aurensu a haɗe. Iyakar da Ingila da Faransa suka shata a farkon ƙarni na 20 ta raba su ta fuskar makaranta, har da yadda ake rubuta harshen. Sautin da ɗalibin Kongolam zai rubuta da 'y, takwaransa na ƙetaren iyaka da ƴ aka koya masa. Abin da malami zai ja wa jan layi a nan, shi ne daidai a tafiyar da ba ta kai awa guda ba.

Haka batun karin harshe yake. Daidaitacciyar Hausa ta ginu ne bisa Kananci, don haka matashin da ya tashi da Dauranci ko Katsinanci ko Damagaranci yakan fara rubutu da jin cewa harshen da ya sha a nono yana buƙatar gyara. Wanda ya saba cewa ya faɗa ma wane, sai a mayar masa da ya faɗa wa wane. Makaɗi bai san wannan damuwa ba. Babu wanda ya taɓa neman Narambaɗa ya sauya Gobirancinsa, hasali ma a nan armashin waƙarsa yake. Ga marubuci kuwa, wajibi ne a bambance masa abu biyu. Ƙa'idar rubutu yarjejeniya ce da ake koyo don a fahimci juna, kuma wanda ya karya ta ya karɓi gyara. Karin harshe kuwa dukiya ce, musamman a bakin taurarin labari. Mai nazarin da ya haɗa su ya kira su kuskure, ya yi sukar asali da sunan sukar aiki, kuma sakamakonsa shi ne marubutan da suke rubuta Hausar da ba ta kowa ba, wadda ba a jin ƙamshin wani gari a cikinta.

Wannan yanki yana kuma riƙe da kayan aikin da bincike yake buƙata. Tun da Shata ya rera Bakandamiya sau da dama a shekaru mabambanta, kwatanta rerawar farko da ta tsakiya da ta ƙarshen rayuwarsa zai nuna waɗanne ɗiyan waƙa ya riƙe, waɗanne ya zubar, su wa yake mayar wa martani a kowane zango, da kuma ko zafin kirarin ya sauka bayan fada da jami'a sun karɓe shi. Haka waƙoƙinsa na Sarkin Daura za su nuna yadda yake gyara aiki ɗaya a gaban mai sauraro ɗaya. Wasu daga cikin waɗannan rerawa suna taskar Rediyon Tarayya na Kaduna da gidajen rediyon jihohi da na Nijar. Wasu kuwa suna cikin kaset-kaset ɗin da aka ɗauka a bukukuwa, waɗanda suke hannun tsofaffin masu sayar da kaset da direbobin hanyar Daura zuwa Damagaram, kuma zaren kaset ba ya jure zafi da ƙura na shekaru masu yawa.